Dabinon Ƙofar Gidanmu a Muchia

Ni mai gardama ce tun ina ƙarama, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Idan na san abu na san shi, ko da wa nake magana. A gidanmu na Muchia an daɗe da yi mini shaidar cewa bakina ya riga hankalina girma. Yawancin lokaci gardamar ba ta jawo mini komai sai faɗa da ranƙwashi, amma sau ɗaya ta yi rana, kuma a kan wani dabino ne da ke ƙofar gidanmu.

Mahaifina ne ya shuka shi a makon da aka haife ni. Cikin dabinon da aka raba ranar suna ya ci ɗaya, ya tura ƙwallon a ƙasa gefen katanga ta waje, ya kewaye wurin da fasassun bulo saboda awaki. Wai da ya shigo gida sai ya ce wa Inna, mahaifiyata, kafin jaririyar nan ta yi aure ita Inna za ta ci dabinon ƙofarta. Ba daga bakin Inna na ji wannan ba. Maƙwabciyarmu ce ta faɗa mini, wata mata 'yar kudu da ta zo Sabon Gari da mijinta tun kafin a haife ni. Manja take sayarwa a kasuwa, duk layin kuma Mama mai manja muke ce mata. Tana ɗakin aka yi maganar.

Mahaifina ya rasu ina aji uku a sakandare, bai ga ko ƙwaya ɗaya ba. Dabinon ya wuce katanga, ya wuce rufin kwano, ya ci gaba da miƙewa abinsa. Duk shekara idan sanyi ya kusa fita sai ya fito da wani abu fari mai kama da tsintsiya a tsakanin ganyayensa, ya cika ƙofar gida da ƙamshi na 'yan kwanaki, sannan ya bushe ya kakkaɓe. Inna ta share, ta ɗaga kai ta duba, ta koma ciki. Ba ta cewa komai a kansa. Amma ko ƙusa wani ya buga a jikinsa don ɗaura igiyar shanya, ranar zai ji muryarta, ita da ba a jin muryarta a waje.

Ni 'yar fari ce, Inna kuma irin matan da ce masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan", idan ranta ya yi daɗi kuma "'yar boko". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta goyon bayana ko da gaskiyata ta fito fili. Idan na yi faɗa da wani a layi ni za ta fara make wa, daga baya a ji ba'asi. Na saba, amma ƙarya nake yi idan na ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba.

A farkon shekarun dubu biyu na samu gurbi a jami'a a Samaru. Likitanci na nema, aka ba ni ilimin tsirrai, na yi kukana na kwana biyu na share hawaye. Baffa, yayan mahaifina wanda ragamar gidanmu ta koma hannunsa bayan rasuwar, ya ce wannan karatu ai kowace tsohuwa mai kasa magani a bakin kasuwa ta riga ta gama shi. Ban zauna a hostal ba. Kullum da safe bas nake shiga daga Sabon Gari, a cusa mu hurhuɗu a kujera, mu bi ta Kwangila, in isa lakca da hijabi a yamutse.

A aji biyu aka fara koya mana rarrabe tsirrai dangi-dangi. Malamin da ke da darasin yana cika allo da sunayen Latin ya goge kafin ka kai rabi. Wanda ya koya mana abin da gaske wani dattijo ne mai kula da ɗakin da ake adana busassun tsirrai, wanda dukanmu Baba muke ce masa. Ba shi da digiri. Ya tsufa yana danne ganyaye a tsakanin tsofaffin jaridu, kuma idan ka kawo masa guntun kara daga bakin kwata zai gaya maka danginsa kafin ka gama sallama.

Ranar farko ya zuba wa kowannenmu jiƙaƙƙen wake da jiƙaƙƙiyar masara a tafin hannu, ya ce mu ɓare. Waken ya rabu gida biyu salin-alin. Masarar ta ƙi. Ya ce to, duk tsiro mai fure a duniya ɗayan biyun nan yake bi, ko ya tsiro da ganye biyu kamar wake, ko da ganye ɗaya kamar masara. Masu ganye ɗayan nan su ne ɗalibai ke ce wa monokot, kuma su ne aikinmu na zangon.

Daga nan ya riƙa kora mu gonakin bayan makaranta. Ya nuna mana jijiyoyin ganyen masara yadda suke tafiya a miƙe, kowace da layinta, ba sa saƙa raga kamar na ganyen wake. Ya sa muka tumɓuke gero muka ga babu uwar saiwa, sai tarin ƙananan saiwoyi. Ya ce mu riƙa ƙirga sassan fure, za mu same su uku-uku, ko shida. Dangin ciyawa su ne masu yawan jama'a, dawa da gero da masara da shinkafa da rake, har gorar da ake kafa rumfa da ita, duk karansu gaɓa-gaɓa ne, gindin ganyen kuma ya rungume karan. Aya tana kama da su, amma idan ka murza karanta a yatsu za ka ji kusurwa uku kuma babu gaɓa, don haka gidanta daban. Albasa da tafarnuwa hancinka ma zai gaya maka 'yan ɗaki ɗaya ne. Ayaba kuwa ya tsaga mana jikinta da wuƙa muka ga babu itace ko kaɗan, ganyaye ne kawai suka nannaɗe juna.

Da doya ya kama ni. Ya ɗaga faffaɗan ganyenta mai jijiyoyi a saƙe ya ce wane ɓangare take. Kafin kowa ya buɗe baki na ce wannan ai 'yar uwar wake ce, ko yaro ya gani ya sani. Ya miƙo mini ɗan furenta da gilashin ƙara girma ya ce in ƙirga da ƙarfi kowa ya ji. Na ƙirga, uku, da wasu uku. Ajin ya kwashe da dariya. Ya ce, "'Yata, doya da gwaza masu ganye ɗaya ne, ganyensu ne ke yaudarar masu sauri. Kada ki sake yanke hukunci da alama ɗaya." Na ji kunya har kunnuwana suka yi zafi, amma ban sake yi ba.

Wata rana ya yanko karan masara siriri da reza, ya yanko ɗan reshen dogonyaro, ya sa mu duba su a madubin awo. A dogonyaro hanyoyin da abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa suna jere a ƙarƙashin ɓawo, sun zagaye kamar zobe. Ya ce shi ya sa idan aka sassaƙe ɓawon bishiya aka zagaye ta, an yanke mata abinci ke nan, sai mutuwa. A masara kuwa hanyoyin a warwatse suke ko'ina, tun daga gefe har tsakiya. Ya ce dabino ma haka yake, da giginya da kwakwa da goruba, duk dangi ɗaya ne, kuma duk girmansu masu ganye ɗaya ne. Sassaƙa ba ta cika yi musu komai ba. Amma ransu wuri ɗaya yake, can a tsakiyar kai inda sabon ganye ke fitowa, idan aka taɓa nan an gama. Na rubuta ne kawai saboda jarrabawa.

A daminar shekarar ne ganyayen dabinonmu suka kai ga wayar da ke kai wuta gidaje huɗu a layinmu. Idan hadari ya taso da iska sai su riƙa bugun wayar, a ga tartsatsi, wuta ta ɗauke. Aka fara ƙunƙuni. Wasu suka kai ƙara wurin Baffa, ya ce zai duba. Ana cikin haka muka tafi biki ƙauyen Zabi muka kwana biyu. Da muka dawo, tun daga kan kwana na ga mutane sun yi cirko-cirko a ƙofarmu. Wani ya sa adda ya sassare jikin dabinon daidai ƙirjin mutum, ya zagaye shi tsaf, faɗin tafin hannu.

Babu wanda bai san ma'anar wannan ba a unguwar. Haka ake kashe bishiyar da ba a so a gani ana sarewa. Inna ta saki jakarta a ƙasa ta zauna a kan dakali, a waje, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Mata suka riƙa zuwa suna ba ta haƙuri kamar an yi rasuwa. Aka kira Baffa ya zo a kan babur, ya zagaya, ya girgiza kai ya ce Allah ya isa, amma wannan kam ya tafi.

Ni kuwa na je na cusa yatsa a saran. Zurfinsa bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. Na ɗaga kai na ga sabon ganye a tsakiya tsaye kyam.

Na ce, "Ba zai mutu ba."

Baffa ya juyo ya ce, "Wa ya ce?"

"Ni na ce, Baffa. Da dogonyaro ne da ya mutu. Dabino hanyoyin abincinsa ba a ɓawo suke ba, suna ko'ina a ciki. Wanda ya yi aikin nan wahalar banza ya sha."

Ya ce, "To, masu digirin ganye sun yi magana." Mutane suka yi dariya. Inna ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ke, shige ciki."

Da yamma ta kwaɓa laka da kashin shanu ta shafe saran, ta naɗe shi da tsohon buhu. Wata ɗaya ya wuce, biyu, uku. Dabinon ya ci gaba da fitar da sabon ganye kamar ba shi aka sara ba. Sai unguwa ta ɗauka cewa lakar Inna ce da addu'arta. Addu'a dai ban musa ba, amma kashin shanun nan bai tsinana komai ba, kuma na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Babu wanda ya ce mini sannu. Mama mai manja ce kaɗai ta kama hannuna a bakin famfo ta ce, "Kai ka sani, my daughter." Shekarunta nawa a Zariya amma har lokacin kowa "kai" ne a bakinta.

Da sanyi ya kusa fita, farin abin nan ya sake fitowa. Kaina ya riga ya kumbura da nasarar da na yi, na ce bari in gano dalilin da ya hana shi haihuwa in ƙara rufe bakin mutane. Na samo doguwar gora na zunguro reshen furen guda, na sa a leda na kai wa Baba a Samaru. Ya karkaɗa shi a kan baƙin littafi, wani farin gari ya zubo. Ya miƙo mini gilashin ya ce in duba da kaina. Na ga ganyen fure uku masu kauri, na ga 'yan sanduna shida masu ɗauke da garin. Na nemi inda ɗa zai zauna ban samu ba.

Ya ce, "Me kika gani?"

Na ce, "Namiji ne."

Ya ce dabino haka yake, akwai bishiya mace akwai namiji, kuma daga ƙwallo ba a sanin wanda zai fito. Namiji gari kawai yake bayarwa. Ko shekara ɗari ya yi ba zai yi ɗa ko ɗaya ba.

A bas ɗin komawa gida na riƙe ledar a cinya ina tuna maganar da mahaifina ya yi wa Inna, da yadda take ɗaga kai duk shekara. A Kwangila na jefar da ledar ta taga. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na san abu na yi shiru.

Ba a yi kwana goma ba Baffa ya zo da sanarwa. Ran Asabar masu rage bishiya za su zo su datse kan dabinon. Mutanen da ke bin layi-layi duk rani ne suna aske dogonyaro har sai ya koma gungume, damina na sauka kuma ya tofo ya fi da kyau. Baffa ya ce da haka za a rabu da rigimar waya, mai adda ba zai sake dawowa ba, kuma shi da idonsa ya ga mangwaron gonarsa ya shekara bakwai ba ya haihuwa, da aka datse shi ya yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Da zuciya ɗaya ya faɗa, don ya ceci bishiyar ƙaninsa.

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, idan aka sare kan nan ya mutu. Dabino ba ya tofo. Kai ɗaya gare shi."

Ya ce, "Ba ke kika ce shi da goruba dangi ɗaya ba ne?"

"Ni na ce."

"To goruban da ke hanyan Dogarawa kai nawa gare ta? Je ki ƙirga. Ta yi reshe, reshen ya yi reshe. In 'yar uwanshi na yi, shi me zai hana shi?"

Gaskiya ce, goruba tana yin rassa, na gani sau ba adadi ban taɓa tambaya ba. Baffa ya gyara hularsa ya hau babur. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ran Juma'a tun kafin lakcar farko ina ƙofar Baba. Ya saurare ni ya yi dariya ya ce baffan nan nawa da ya yi karatu da ya wahalar da malamai. Ya ce goruba da kanta take raba kanta gida biyu tana da rai, kowane ɓangare ya ci gaba da nasa girman, ba sara ke sa ta reshe ba. Idan ka sare kan reshen goruba, wannan reshen ya mutu. Dabino kuma yana iya fitar da 'ya'ya a gindi tun yana ƙarami, su ne magadansa. Ya ce, "Na gidanku yana da su?" Na ce babu ko ɗaya, gindinsa fes yake. Ya ce, "To ki koma ki tsaya a kan maganarki. Wannan karon ba da alama ɗaya kike magana ba."

Ran Asabar da hantsi mutum biyu suka iso da tsani da igiya da adduna. Suna jingina tsanin na fito na zauna a kan matakin farko, na gyara hijabina na naɗe hannu. Babban cikinsu ya ce, "Hajiya, a ba mu wuri." Na ce ba inda za ni. Kafin a jima yara sun kewaye mu, masu shago sun leƙo, Baffa ya iso ransa a ɓace.

Na yi masa bayanin goruba kamar yadda aka yi mini, a hankali, da ladabi iya wanda nake da shi. Ya ce maganan littafi ne. Sai ga Mama mai manja ta fito da zani ɗaure a ƙirji, hannunta duk kumfar sabulu.

Ta ce, "Alhaji, abeg, no cut am o! Babana aikinsa ke nan a garinmu, hawan kwakwan manja. Idan ka yanka kai, shi ke nan, ya mutu. Ba ya fitowa kuma. Wannan yarinya gaskiya ya faɗa."

Baffa ya ɗan sassauto. Yana ganin girmanta, tare suka yi jinyar mahaifina. Mijinta mai gyaran wuta ne, ya fito shi ma ya duba sama ya ce in dai don waya ce, ana iya sa ƙarfe a ɗaya kusurwar katangar a janye ta, a rage ganyayen ƙasa da ke wannan gefen. Na ji sanyi a raina, na ce an gama.

Sai Baffa ya juyo ya dube ni ya ce, "To malama, mun ji. In an bar shi da kanshi, zai yi 'ya'ya? Shekara ashirin ana jira. Tunda kin san komai, faɗa mana yaushe."

Na san Inna tana bakin zaure a bayan labule, ina ganin ƙafafunta. Da na ce Allah ne masani, da ba wanda zai kama ni da ƙarya, kuma da magana ta ƙare a nan. Amma ni ce na cika unguwa da cewa abin da na sani na sani. Idan na kauce yanzu, gobe Baffa zai dawo da labarin mangwaronsa, a sare kan ina makaranta. Na ce, "Ba zai yi ba, Baffa. Namiji ne. Na duba furensa. Ko an sare ko an bari, ba zai taɓa yi ba."

Baffa ya tafa hannu ya ce, "To kun ji! Itacen da ba ya haihuwa, yana kashe wa mutane wuta, a kanshi ake wannan rigiman? Ai sai a cire shi gaba ɗaya a huta." Masu addunan suka dubi juna suka fara warware igiya. Na ji hawaye na taruwa. Da bakina na ceto shi, da bakina kuma na miƙa shi.

Labulen ya ɗaga. Inna ta fito da mayafi, ta tsaya nesa kaɗan da Baffa, kanta a ƙasa. Tun da mahaifina ya rasu ban taɓa jin ta musa masa ko a kan gishiri ba.

Ta ce, "Yaya, a bar shi."

Ya ce, "Ba ki ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Da aka sassare shi ta ce ba zai mutu ba, bai mutu ba, ni na san ba lakata ba ce. Yanzu ta ce in an taɓa kan zai mutu. Abin da yarinyan nan ta faɗa shi ne. A janye wayan, a bar mini shi yadda mai shi ya bar shi."

A gaban mutanen layi ta faɗi haka. Ba ta kalle ni ba, ba ta kira sunana ba, ta juya ta shige. Ni da ke zaune a kan tsani da shirin yaƙi sai na rufe fuska da hijabi na fashe da kuka, har babban mai addar ya ce, "Hajiya, ai kin ci, kukan na mene ne?" Baffa ya yi ƙwafa ya ce gida ya zama na mata, amma shi ya tsaya har aka rage ganyayen ƙasa aka ɗaura ƙarfen.

Bayan la'asar na same ta a ɗaki tana ninke kaya. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran faɗa. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, ita ce ta roƙi Baffa ya kira masu saran. Ba don waya ba. Labarin mangwaron ta ji, ta ce ko Allah zai sa ta ɗanɗana guda ɗaya kafin ta bi mai shi. Ta ce, "Wanda ya tsane shi ya zo da adda bai iya kashe shi ba. Ni da nake share masa gindi kullum, ni na kusa." Na ce ta yafe mini da na faɗa a gaban mutane. Ta ce gara da na faɗa, wuyanta ya gaji da ɗagawa.

Ran Litinin na ba Baba labari. Sai ya tambaye ni ko akwai sauran fure a sama. Ya ce a bayan gidansa a Samaru akwai dabino mace guda biyu, duk shekara 'ya'yansu zubewa suke yi tun suna ƙanana saboda babu namiji kusa. Na sa aka hau aka yanko mini dami guda, na kai masa a naɗe cikin jarida. Ya rarraba shi ya ɗaɗɗaura a cikin furen matan.

Na manta da zancen, jarrabawa ta sha kaina. Sai da ruwan farko ya sauka Baba ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini baƙar leda. Dabino ne a ciki, bai cika mudu ba, ƙanana, wasu ma ba su gama nuna ba. Ya ce, "Kai wa mahaifiyarki. Ki ce mata uban waɗannan yana ƙofar gidanta."

Na kai mata tana zaune a kan tabarma. Na faɗa mata yadda ya ce. Ta daɗe tana kallon ledar. Ta ɗauki ɗaya, ta yi bisimilla, ta ci a hankali, ta fito da ƙwallon ta riƙe a tafin hannu. Ta ɗebi nata kason ta ce in kai wa Baffa da Mama mai manja sauran.

Sannan ta ce, "'Yar boko, wannan ƙwallon mace ne ko namiji?"

Na ce ba a sani sai ya girma ya yi fure, kuma zai ɗauki shekaru.

Ta ƙara cin biyu, ta haɗa ƙwallayen uku a hannu ta miƙe. Ta ce in ɗauko mata fartanya, in kuma duba bayan ɗaki ko akwai sauran fasassun bulo.